Kiwon Alhaji Wahabu

Alhaji Wahabu ya tsayar da matarsa a tsakar gidan iyayenta a Salaga, ya sa ta ta juya gaba da baya don dangi su ga aikinsa.

"Ku duba dai," in ji shi, yana buɗe hannuwa. "Abin da kuka ba ni kamar sandar kora akuya, ga shi yau. Ku duba kumatu, ku duba wuya. Ciwon sikiri ya gudu, allura ma kaɗan-kaɗan yake yi yanzu. Kiwo ba kowa ya iya ba."

Hausarsa irin ta kasuwar Bawku ce, wadda mace da namiji da tunkiya duk "shi" ne. Sukari ma sikiri yake ce masa. Gwaggonni suka ɗauki guɗa. Wata ta matsa ta lakuci kumatun Sumaiya, wata ta ce ai mace sai da jiki. Sumaiya ta sunkuyar da kai tana murmushi, murmushin da yayarta Azara ta manta rabon da ta gan shi a fuskarta.

Azara kam ko tashi ba ta yi ba daga kan kujerarta. Tana ɓarar agushi, tana yi wa surukin nata kallon sheƙeƙe. Ba yau ta fara raina shi ba. Tun ranar da ya zo neman aure ta lura da yadda yake kallon mutane, daga ƙafa ya hau sama, kamar yana ƙiyasta nauyin da za su yi a sikeli. Dillalin shanu ne, kuma a ganinta bai taɓa zama wani abu ba ban da haka, ko a masallaci. Sumaiya ce ta ce tana son sa, shi ya sa Azara ta haɗiye abin da ke bakinta, amma ba duka ba.

Ita ta san ciwon nan tun yana jariri. Sumaiya na aji huɗu a firamare ta fara shan ruwa kamar za ta ƙafar da rijiyoyin Salaga, tana ramewa ana kallo, har aka kai ta asibiti a sume. Likita ya ce jikinta ya daina yin insulin, sai dai a riƙa sa mata da allura har ƙarshen rayuwa. Mahaifiyarsu ba ta iya ganin allura ba tare da jiri ya ɗebe ta ba, don haka Azara ce ta koya. Ita ke tsira mata a cinya safe da yamma, ita ke ɓoye kwalbar cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa lokacin da gidan ba firij. Yau kuma wani mai warin garke ya zo yana gaya mata wai romon jelar saniya da soyayyar hanta sun kori abin da likitoci suka ce ba ya koruwa.

"Sumaiya," ta ce, "yaushe rabonki da asibiti?"

Alhaji ya riga matarsa amsawa. "Asibiti na mene, Yaya Azara? Ƙaramin injin na gida yana nan, kullum muna huda yatsa. Sikiri ƙasa yake, ƙasa sosai. Har rawar jiki yake yi da zufa, sai mun ba shi koko da zuma. Shi ya sa muka rage allura."

"Ba kai na tambaya ba, Alhaji."

"To ni ne dai mai shi," ya ce da dariya. Gwaggonni suka taya shi, don ya zo musu da buhun albasa.

Daga nan ya faɗi abin da ya kawo shi. Jibi zai yi sadakar godiya a Bawku, zai yanka bijimi, malamai za su sauke Alƙur'ani, duk dangin Salaga ana gayyatarsu. Azara ta kakkaɓe ɓawon agushi daga zaninta, ta ce za ta bi su a mota ta taya aikin girki. Alhaji ya washe baki, ya ɗauka ta sakko ne. Abin da ya sa ta ce haka zoben auren Sumaiya ne, da ya nutse cikin yatsa har fatar ta rufe rabinsa, da kuma fatar idonta da ta yi luhu-luhu kamar ta wanda ya kwana yana kuka. Azara ta ga masu ƙiba iri-iri a shagonta na atamfa, amma ba ta taɓa ganin ƙiba mai ƙyalli irin wannan ba.

Washegari suka kama hanyar Bimbila. Alhaji na tuƙi yana ba su tarihin kansa, ragon da ya saya ƙashi da fata a Pusiga ya sayar da shi ana rububi, bijimin da mahautan Kumasi suka yi dambe a kansa. Sumaiya na gaba tana gyangyaɗi, in ta farka ta ce bakinta ɗanɗanon ƙarfe yake yi. Azara na baya, ba ta tanka ba, sai tsaki da take ja can ƙasa duk sanda ya ce "ni".

A Yendi ya tsaya ganin wasu abokan sana'arsa da suka kawo shanu. Ya ce mata su nemi inuwa su jira shi. Yana juya baya Azara ta kama hannun ƙanwarta.

"Taso mu gaida Zuweira."

Zuweira 'yar ƙawar Azara ce, ta yi karatun gwajin jini, tana aiki a wani ƙaramin asibiti bayan tasha. Sumaiya ta gane inda aka dosa tun kafin su kai ƙofa, ta ja ta tsaya.

"Yaya, lafiyata lau."

"To in lafiyarki lau, me kike tsoro? Ke da allura ai kun saba."

Zuweira ta daɗe tana laluben jijiya a hannun Sumaiya kafin ta samu, ta cika 'yan kwalabe da jini, ta karɓi fitsari, ta ce su ba ta lokaci. Sumaiya ta ce ita ba za ta zauna cikin warin magani ba, za ta koma mota. A bakin ƙofa ta juyo.

"Yaya, tunda na yi wayo ana ce min bulala, ana ce min mai allura. Yanzu ne kawai mata ke kallo na su ce masha Allah. Don Allah kada ki ɓata min."

Azara ta bar ta ta tafi. Ta zauna a benci ita kaɗai tana jin haushin kowa, har da kanta.

Da Zuweira ta fito ba ta tsaya a ƙofa ta miƙa takarda kamar yadda take yi wa sauran mutane ba. Ta ja Azara ciki, ta rufe ƙofa.

"Mma, na nuna wa likitanmu, kuma abin da na gani shi ya gani. Akwai gwajin da ke nuna yadda sukarin mutum ya zauna cikin wata uku. Nata ya yi kyau. Kyawun nasa ne ma ya fi ba ni tsoro."

"Yi min Hausa, Zuweira."

"Ƙoda ce ke wanke ragowar insulin daga jini. In ƙoda ta gaji, allura kaɗan sai ta daɗe a jiki tana aiki, sukari ya yi ta faɗuwa, mutum ya ɗauka ya warke." Ta ɗora yatsa kan takardar. "Waɗannan biyun, kiriyatinin da yuriya, datti ne da ya kamata ya fita a fitsari. Nata sun taru, sun ninka abin da ya kamata. Wannan kuma albumin ne, shi ke riƙe ruwa a cikin jijiya. Nata yana zubewa ta fitsari, shi ya sa ruwan ya fita ya kwanta ƙarƙashin fata. Abin da kuke gani a jikinta ruwa ne, Mma."

Azara ta ƙura wa takardar ido. Ta so a ce ita ce ta yi kuskure, ko da Alhaji zai yi shekara yana mata dariya.

"Akwai na ƙarshe, fotashiyam, wani gishiri ne na cikin jini. Ya hau. In ya ƙara hawa, zuciya kan tsaya ba sallama. Likita ya ce a wuce da ita Tamale yau, can ne akwai masu ƙoda da injin wankin jini. In an yi sauri ana iya riƙe abin da ya rage. Kuma a daina ba ta romon nan mai gishiri."

Azara ta tarar da Alhaji ya dawo, ya jingina da mota yana sakace. Sumaiya na ciki, gilashi a sauke. Azara ba ta yi wata kwana-kwana ba. Ta miƙa masa takardar, ta maimaita abin da aka gaya mata, ta ce ya juya kan mota Tamale, ga hanya nan kusa.

Ya riƙe takardar nesa da fuska da yatsu biyu, ya yi dariyar da ta fi ƙarfin maganar.

"Yarinya ƙarami ya ɗiba jini cokali ɗaya, ya sa a inji, shi ke nan ya san matata ya fi ni? Ni za a koya wa ruwa da nama? Yaya Azara, ni tun ina ɗan saurayi nake cikin dabbobi."

"Ƙanwata ba dabba ba ce."

"Na gayyaci mutane daga Garu, daga Walewale, har Togo. Malamai sun raba izu. In je in ce musu mene? Takarda ya hana?"

"Ka ce musu matarka ba ta da lafiya. Ko bakinka bai iya faɗin abin da ba yabon kai ba?"

Mutanen tasha sun fara juyowa. Alhaji ya sha toka, ya ninke takardar ya cusa mata a hannu. Azara ta leƙa ta gilashi.

"Sumaiya, fito. Ga motocin Tamale can, ni da ke mun isa."

Sumaiya ba ta kalle ta ba. Idonta na kan hanya.

"Kullum ke sai kin samo abin da ya lalace, Yaya. Tun da aka yi auren nan ba ki taɓa cewa ya yi daidai ba ko sau ɗaya. A bari a yi sadakar, in ya so daga baya a je."

Maganar ta soki Azara, don akwai gaskiya a ciki. Ta shekara tana zubar da mutuncin mutumin nan a kan hularsa da tafiyarsa da yadda yake tauna goro, har ta kai yau da take da magana ta gaske, ƙanwarta ta jefa ta cikin kwandon sauran. Ta buɗe ƙofar baya ta shiga. In ba za ta iya juya motar ba, ba za ta bar ta ta tafi ba ita ba.

Hanyar Gushegu zuwa Nakpanduri ba ta da tausayi, kuma duk ramin da suka faɗa sai Azara ta kalli ƙirjin Sumaiya ta ga ko yana ɗagawa. A shingayen sojoji na kusa da Bawku Alhaji ya yi ta miƙa gaisuwa yana gayyatar kowa cin nama. Suka shiga gari ana kiran magariba.

Da safe gidan ya cika. An kafa rumfa a ƙofa, an jera kujerun roba, tukwanen shinkafa na tafasa, mata na suyar masa. An ɗaura wa Sumaiya leshi sabo, an zaunar da ita a ɗaki bakin taga, mata na shiga suna yaba jiki suna fita. Ta yi amai sau biyu a ɓoye, Azara ce ta kwashe. Duk wadda ta shigo ta ce "kai, Hajiya ta murje", sai Azara ta ji kamar ta watsa mata ruwan wanke-wanke. Garin da ake taƙama da sanin kasuwa, a ce duk cikinsu ba mai ido.

Can aka ji hayaniya a tsakar gida. Wani Zibrim, abokin cinikin Alhaji, ya jawo san da za a yanka. Jan sa ne mai ƙaton wuya, ƙirjinsa har yana rinjaya, maza suka kewaye shi suna kabbara. Azara na durƙushe tana wanke tumatir a gefe, tana kallo.

Alhaji ya zagaya san sau ɗaya. Fuskarsa ta canza, cika bakin nan duk ya zube, ya zama wani mutum mai natsuwa da ba ta taɓa gani ba. Ya ɗaga leɓen san ya duba dasashi, ya ja fatar ido. Sannan ya sa babban yatsa ƙarƙashin haɓar, ya danna, ya cire. Gurbin yatsan ya zauna a wurin, bai ciko ba. Ya sake dannawa a ƙirji, nan ma haka.

"Zibrim," ya ce, "ni za ka kawo wa wannan? Wannan ruwa ne. Cikinsa ya lalace, hanta ko ƙoda. Nama in ka danna yana biyo yatsa. Fitar min da shi, kawo baƙin bijimin nan naka."

Maza suka yi ta jinjina masa, Zibrim ya ja sansa yana borin kunya. Azara ta tsame hannu daga ruwan tumatir, ta goge a zani, ta bi Alhaji har lungun da ke tsakanin ɗakin Sumaiya da rumbu, inda ya je wanke hannu.

"Alhaji, ashe ka iya."

Ya juyo da fara'a, yana jiran sauran yabon.

"Zo ka danna ƙafar matarka."

Fara'ar ta tsaya a inda take. Ya kalli buta, ya kalli rumfa.

"Yaya Azara, mutane sun taru. Bari a ci a sha tukuna."

"Ɗaki ga shi nan. Yatsa ɗaya ne, ba zai hana kowa cin shinkafa ba. In naman ya biyo yatsanka, ni da bakina zan tsaya gaban malamai in ce ka fi likita, in yaga takardar nan."

Bai motsa ba. Hannun da ya gama wankewa ya mayar bayansa ya riƙe da ɗayan, kamar yaron da aka kama da abin mutane. A nan Azara ta gane. Da wauta ce ke damun sa, da tuni ya yi gaba yana cika baki, ya danna don ya kunyata ta.

"Ka taɓa dannawa," ta ce.



"Tun kafin Babbar Salla," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Yana barci na danna a ƙwauri."  "Ba ki ga yadda yake murna ba? Ya sayi madubi babba. Ni kuma na riga na gaya wa duk kasuwa na warkar da shi. Na ce in aka yi sadaka, malamai suka yi addu'a, ko Allah zai mai da shi nama."

Azara ta daɗe tana tara wa mutumin nan zagi, iri-iri, wasu ma ta tanade su ne don rana irin ta yau. Ta laluba ta rasa wanda ya kai. Da can ta raina shi ne a kan jahilci, kuma jahili ana iya yi masa uzuri. Wannan kuwa ya sani sarai. Bijimin da bai kai a ba baƙi ba ya kore shi nan take, matarsa kuma ya ɗaura mata leshi ya zaunar a taga, tun Babbar Salla yana jiran ruwa ya zama nama. Ko tsaki ba ta yi masa ba, ta ga asarar yawu ne.

Motsi suka ji daga tagar da ke saman kansu. Azara ta riga shi shiga ɗakin. Sumaiya na zaune bakin gado, ta ɗage leshin zuwa gwiwa, ta sa babban yatsanta a kan ƙwauri ta danna. Ta cire. Su uku suka tsaya suna kallon ramin, fari, mai zurfi, yana nan yadda ta bar shi. A waje malamai sun fara karatu.

Sumaiya ba ta yi kuka ba. Ta sauke zanin a hankali, ta gyara ɗaurin kallabi.

"Yaya, takardar tana wurinki?"

"Tana nan."

"Ɗauko min jakar allurata." Ta ɗago ta dubi mijinta, kallon da ba fushi a ciki, ba kuma wani abu. "Alhaji, cire takalminka ka ba ni. Nawa sun daina shiga tun tuni."

Ya sunkuya ya cire, ya ajiye mata a gaba. Ta zura ƙafafu, suka zauna mata daidai. Azara ta riƙe ta a gwiwar hannu suka fito, suka ratsa tsakanin tukwane da kujerun roba, mata na matsa musu suna tambayar ina zuwa ga abinci ya kusa.  Sun kai bakin titi Azara ta ji taku a baya, ta san shi ne, da makullin mota a hannu, yana taka tsakuwa ba takalmi. Ba wadda ta juya ta ce masa ya zo ko ya koma.